Tagogin da Umma Ta Rufe a Setapak

Ɗana na fari a Kuala Lumpur na haife shi, a ƙarshen watan Nuwamba. A gida lokacin ne ake fara fito da barguna da rigunan sanyi, amma a can babu wani sanyi, ruwa ne kawai. Kusan kullum da la'asar sai gari ya haɗe ya yi baƙi, a tsuge da ruwa har magariba. Maigidana yana shekararsa ta uku a karatun digirin digirgir, ni kuma biyo shi na yi, shekarata biyu a ƙasar. Muna zaune a unguwar Setapak, a hawa na goma sha huɗu na wani dogon bene, ɗaki biyu da falo da ɗan kicin. Falon da kowane ɗaki da babbar tagar gilashi irin wadda ake turawa gefe. Tun da muka shiga gidan ba mu cika rufe su ba, don a wannan tsawon iska ba ta yankewa, sauro kuma bai damu da hawowa ba.

Umma, mahaifiyata, ta iso daga Kano kwana huɗu bayan haihuwar. Da an so ta riga ta zo, takardun tafiya ne suka tsayar da ita. Ba ta taɓa hawa jirgi ba sai na aikin hajji, kuma ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya. Da maigidana ya shigo da ita daga filin jirgi, ko zama ba ta yi ba. Ta karɓi jaririn ta juya shi ta duba cibiyarsa, ta tofa masa addu'a, ta ce, "Angon nawa ne wannan? Ai ya fi yadda yake a waya." Sai ta ɗago ta dube ni. Ina zaune a kan kujera da 'yar riga mara nauyi, fanka na kaɗawa a kaina, labule na tashi.

"Innalillahi," in ji ta. "Ke, ɗanyen jiki gare ki kike zaune a bakin iska haka? Malam, a kashe wannan abin."

Maigidana ya kashe fankar. Ita da kanta ta bi tagogin ɗaya bayan ɗaya tana ja. Ta falon ta cije mata, ya taya ta. Da ta leƙa ta ga motoci a ƙasa kamar ƙwari sai ta yi baya da sauri ta ja labule, ba ta ƙara leƙawa ba sai bayan makonni.

Sai maganar wanka. Na nuna mata hitar dumama ruwa ta banɗaki, na kunna mata har ƙarshe. Ta tara hannu ta girgiza kai. Ta ce wannan ruwan alwala ne. Washegari maigidana ya shiga gari neman tukunya, ya dawo da wata ƙatuwa daga shagon da masu gidajen abinci ke sayen kaya, da ƙyar ta zauna a kan murhun gas ɗinmu. Ganyen darbejiya kuwa mun ɗauka ba za a samu ba, ashe akwai. Wani Ba'indiye mai sayar da furanni a bakin titi ne ya gane shi daga hoto, ya riƙa ajiye mana ɗauri ɗauri.

Haka muka shiga jego. Umma tana idar da sallar asuba za ta ɗora tukunya, ta bar ta ta tafasa sosai, ta juye a bokiti biyu ta kai banɗaki. Ta zaunar da ni a kan 'yar kujerar roba, ta tsoma ganyen ta riƙa fyaɗa mini a baya da ciki da cinyoyi. Ina cewa, "Umma, zafi!" tana cewa, "Ai zafin ake nema." In an gama ni a yi wa jariri nasa. Da la'asar a sake. Tsakanin nan kuma ga kunu a wuta, ga farfesu. Gaskiya ita ce, duk da ihun da nake yi, in na fito daga wankan nan jikina yakan yi sakayau, in yi barcin da ban taɓa irinsa ba. Kayan jariri kuma ba sa ƙarewa. Akwai ɗan baranda a bayan kicin inda muke shanya, amma ruwan yamma yana fesowa ciki, don haka Umma ta sa aka ɗaura igiya biyu a falo, daga ƙarfen labule zuwa ƙofar ɗaki. Maigidana sai ya sunkuya yake wucewa.

A kwana na uku da zuwanta na lura da tagar ɗakinmu. Ana ruwa a waje, na ɗaga labule don in ga gari, ban ga komai ba. Gilashin ya yi fari fat kamar an shafa masa alli. Na sa yatsa na ja, sai ruwa ya biyo hannuna. A ƙasa, cikin ramin da gilashin ke gudu, ruwa ya taru har ya fara gangarowa bango. Na duba ta falo, haka. Ta ɗakin Umma ta fi kowacce.

Umma ta zo ta gani ta ce, "Ashe gidan nasu yoyo yake. Duk tsawon nan." Ta yaga wani tsohon zanenta gida huɗu, ta bi tagogin tana gogewa tana matsewa a roba. Kafin ta gama ta uku, ta farko ta sake yin fari. Daga nan ta ce lallai akwai kafar da ruwa ke shigowa, kuma inda ruwa ya shiga iska ma za ta shiga. Ta nemi tsummoki ta cusa a duk inda ta ga ɗan tsagi, har ƙasan ƙofar shigowa. Ƙaramar tagar banɗaki da ke can sama, wadda ba ta lura da ita ba da farko, ita ma ta hau kujera ta rufe.

Maigidana injiniya ne, ya san abin da ke faruwa tun ranar farko. Amma shi mutum ne mai kunyar surukai ƙwarai. Tun da Umma ta zo bai ƙara zama a kan kujera ba in tana falo, kuma ko abinci a ɗaki yake ci. A ɗaki ya same ni ya ce, "Ki gaya wa Umma ba yoyo ba ne. Tururin tukunyar nan ne da kayan shanya. Ba shi da hanyar fita, in ruwa ya sanyaya gilashin sai ya kwanta a kai."

Na ce, "Kai ka gaya mata mana. Ni in na faɗa cewa za ta yi gudun wanka nake."

Ya kwana biyu yana shawara. Ranar Asabar da hantsi ya zuba ruwa da ƙanƙara a kofin gilashi, ya kawo ya ajiye a gabanta, ya durƙusa can gefe yana kallon tabarma.

"Umma, da ma wani abu na so ku gani."

"To, Malam."

Muka zauna mu uku muna kallon kofi. Can jikinsa ya fara raɓa, ɗigo ya gangaro.

"Kun ga, kofin nan ba fashe yake ba. Ruwan da ke bayansa daga iskar ɗakin nan ya fito. To haka tagar take. Da za a riƙa ɗan buɗewa ko na rabin awa ne, da duk wannan wahalar gugar ta ragu."

Umma ta ɗauki kofin ta juya shi, ta shafa da yatsa. Ta ce, "Ikon Allah. Allah ya ƙara ilimi, Malam." Sai ta miƙa masa. "A fitar da shi daga nan, kar mai jego ta manta ta sha."

Ba a buɗe taga ba. Abin da maigidana ya koma yi shi ne, in mun shiga banɗaki wanka sai ya lallaɓa ya tura ta falo, in ya ji an daina fyaɗa ganye ya rufe. Bai yi kwana uku ba ta gane. Ta fito ɗauko tawul ta ga kayan jariri suna lilo a igiya. Ni ta gaya wa, da murya yadda zai ji daga ɗaki, cewa ita dai ta bar gidanta da 'ya'yanta ta ƙetaro duniya don abu ɗaya ne, in ba a so a faɗa mata. Daga ranar bai sake ba.

Wajen mako na uku gidan ya fara wari, irin na kayan da aka jiƙa aka manta a bokiti. Mu da ke ciki ba mu cika ji ba, sai wanda ya shigo daga waje. Ranar Juma'a maigidana ya buɗe wadirob zai ɗauki hula, ya fito da ita ta yi fari-fari da fumfuna. Ya duba sauran, duk haka, har takalmansa na fata da jakar hannuna. Na janye labulen ɗakinmu gaba ɗaya, sai ga bangon da ke ƙasan taga ya yi ɗigo-ɗigon baƙi tun daga gilashi har ƙasa, daidai inda muka ajiye gadon jariri.

A satin ne hancin yaron ya toshe. In yana shan nono sai ya saki ya yi kuka, numfashinsa yana ƙara, sai kuma ɗan tari. Muka kira mota muka tafi asibitin yara da ke kusa. Umma ba ta so fitata ba, amma ta naɗe ni da mayafi biyu ta bar ni. Likitar, wata mace mai sanyin magana, ta gwada shi ta ce ƙirjinsa lafiya lau, mura ce. Ta ba mu ruwan ɗigawa a hanci. Sai ta tambayi yadda ɗakin da yake kwana yake. Maigidana ya ciro waya ya nuna mata hoton bangon. Ta daɗe tana kallo. Ta ce ba za ta rantse wannan ne ya kawo murar ba, amma jariri bai kamata ya kwana kusa da shi ba, a wanke bangon, a bar iska ta riƙa ratsa gidan.

Muka kamo hanya a mota. Tsoro ne ya cika ni, kafin mu iso gida ya zama fushi. Muna shiga na miƙa wa maigidana yaron, na wuce ɗaki na fizge tsummokin, na tura tagar har ƙarshe. Na fito falo na yi haka. Umma tana tsaye da ludayi a hannu.

"Ke, lafiya?"

"Likita ta ce a buɗe. Umma, kin ga bangon nan? Kin ga inda yake kwana? Nan ba Kano ba ce. Wane sanyi ne a garin nan da za ki dafa mu da rai? An yi miki bayani kin ƙi ji, ga shi yanzu yaro ba lafiya."

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Maigidana ya ce, "Haba, haba," ya shige ɗaki da yaron. Umma ta dube ni, ta dubi tagar. Ta koma kicin ta ajiye ludayin, ta shiga ɗakinta ta turo ƙofa.

Da la'asar ta yi na ɗauka ba za ta ɗora ruwa ba. Ta ɗora. Ta yi mini wankan kamar kullum, sai dai ranar ban yi ihu ba. Da ta gama ta zauna a kan bokitin da ta kife, tana tsinke ganyen da ya manne mata a hannu.

"Ki ce wa Malam ya duba mini jirgi. In kin yi wata ɗaya sai in tafi."

"Umma, ba haka nake nufi ba."

"Na sani." Ta yar da ganyen. "Kin san ina da ƙanwa da ta rasu."

Na san da ita, amma ba a maganarta a gidanmu. Umma ta ce uwa ɗaya uba ɗaya suke, ita ke bi mata. An kai ta aure wani gari mai nisa, ta haihu a tsakiyar sanyi, mahaifiyarsu kuma ta riga ta rasu, don haka Umma aka ce ta je ta yi mata wanka. Lokacin ni ina goye a bayan Umma, ina fama da ƙyanda. Ta ce bari in ɗan warware tukuna. Ba ta je ba sai ran kwana goma sha biyu. Ta tarar da ita a ɗaki mai tagar langa-langa da ba ta rufuwa, ba mai dafa mata ruwa sai in maƙwabta sun tuna. Ƙafafunta sun kumbura, in ta kwanta numfashi ya gagara. Ba ta kai arba'in ba. Duk wanda ya zo gaisuwa cewa yake sanyi ne ya shige ta.

"Ke ma kwana huɗu na makara," in ji Umma. "Ina shigowa na gan ki a bakin iska."

Har yau ban san abin da ya kashe ƙanwar Umma ba. Wataƙila wani ciwo ne da ko an rufe taga dubu ba zai hana ba. Amma ban faɗi haka ba, kuma ban yi nadamar yin shirun ba. Na ce ta yafe mini. Ta ce in tashi in sa kaya kar in huce. Tagogin suka kwana a ɗan buɗe, ba ta taɓa su ba, amma da safe na ga idanunta, na san ba ta yi barcin kirki ba.

Da hantsin ranar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabciyarmu ce ta ƙofar da ke kallon tamu, wata dattijuwa 'yar Malay da mijinta ya rasu, tana zaune ita kaɗai. Kowa a hawan yana ce mata Makcik, kamar yadda za mu ce Inna ko Gwaggo. Ta ga fitarmu asibiti, ta zo duba yaron, da kwanon kifi a hannu. Tsakaninta da Umma sai sallama da murmushi, ni kuwa muna haɗawa da ɗan Malay ɗin da na tsinta da ɗan Turancinta.

Tana shigowa ta tsaya ta shaƙi iska, ta yamutsa fuska. Amma kafin ta ce komai idonta ya sauka a ƙafata. Ta ajiye kwanon ta hau ni da faɗa, tana nuna ƙafar tana nuna tayil. Umma ta ce, "Me take cewa?"

"Wai ina safata. Wai mai jego ba ta taka ƙasa da ƙafa tsirara, sanyi zai shige ta."

Umma ta gyara zama. "Ita ta faɗi haka?"

"Ita."

"Tambaye ta, su ma suna wankan ne?"

Na tambaya. Makcik ta buɗe ido kamar na tambaye ta ko suna cin abinci. Ta ce sosai ma, da ruwan zafi da ganyaye, a gasa ciki da dutse mai ɗumi, a ɗaure shi da dogon ƙyalle. Ba ruwan sanyi, ba fita. Ta ɗaga yatsu huɗu sau biyu, kwana arba'in da huɗu. Ta ce ita ta yi wa 'ya'yanta mata uku, kuma dukansu sai da suka yi mata gardama.

Ina fassarawa Umma tana kaɗa kai. Da na zo kan gardamar sai ta yi dariya, karo na farko tun jiya. Ta kama hannun Makcik ta ja ta kicin ta nuna mata tukunya da darbejiya. Makcik ta murza ganyen ta sansana ta ɗaga babban yatsa. Daga nan Umma, da kanta, ta kai ta ɗakinmu ta ɗaga labule ta nuna mata bangon. Ta juya tafin hannunta sama, alamar ya za a yi.

Makcik ta yi tsaki irin nasu. Ta fita, ta dawo da kwalbar ruwan kal mai cire tabo, da abin goge gilashi mai bakin roba irin na masu wanke mota, da ƙaramin murhun gas na tafi-da-gidanka. Ba ta nemi in fassara ba. Ta nuna tukunya, ta nuna barandar bayan kicin, suka kinkima tare suka kai can, ta ja ƙofar da ke tsakani ta rufe, ta yi alamar hayaƙi yana fita ta tsakanin ƙarafunan barandar. Ta shiga banɗaki ta nuna ƙaramar tagar sama: lokacin wanka a rufe, an fito a buɗe, a ja ƙofa. Sai ta kama kafaɗata ta tura ni ɗakin Umma ni da jariri, ta jefo mini safa, ta rufe mu. Ina jin su suna tura tagogin falo da na ɗakinmu. Bayan kamar rabin awa suka rufe, suka mayar da mu ɗakinmu, suka buɗe ta ɗakin Umma.

"Angin masuk, dia tak kena," in ji Makcik, tana nuna ni.

"Wai iska ta shiga, amma ba ta taɓa ni ba," na ce.

"Na ji," in ji Umma. "Ai wannan magana ce."

Suka sa ni na zauna a falo, suka janye gadon jariri daga bango. Suka ɗaure hancinsu da ɗankwali suka wanke baƙin nan da ruwan kal, tsofaffi biyu a durƙushe, kowacce tana magana da harshenta, ɗayar tana amsawa kamar ta gane. Kayan da ke igiya kuwa Makcik ta kwashe ta tafi da su. Barandarta tana kallon gabas, rana na samunta da safe, ruwan yamma kuma ba ya fesowa. Har muka gama jego a can ake shanya kayan yaron.

Da maigidana ya dawo daga makaranta ya ga ba igiya, gilashi garau, tukunya a baranda, ya tsaya a bakin ƙofa. Umma ta ce, "Malam, ashe abin nan tururi ne. Ba shi da hanyar fita, shi ya sa yake kwanciya a gilashi."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Umma. Allah ya saka da alheri." Da ya shigo ɗaki ya faɗa kan gado ya danne fuskarsa da filo yana dariya, har na ji tsoron za ta ji.

Daga ranar tagogin suka zama aikin Umma, kuma ba ta yarda wani ya taɓa. Da hantsi in rana ta fito za ta ce, "Ku tashi ku koma can," ta sa mini safa da hula, ta buɗe ɗaya ɓangaren. Wankan yamma ta matso da shi gaba kaɗan don a gama kafin hadari ya haɗo. Gumin bai ɗauke gaba ɗaya ba. In an yi ruwa mai yawa yakan ɗan kwanta a kusurwoyi, sai ta bi shi da abin robar nan daga sama zuwa ƙasa, ta tsane ramin da tsumma. Tana son abin ƙwarai, har madubin banɗaki take bi da shi. A wajen gugar ne ta fara leƙa ƙasa, har ta gane motar da ke kawo gas da lokacin da yara ke tasowa daga makaranta. Huluna da takalma aka shanya su a barandar Makcik aka kaɗe, biyu daga cikin hulunan ba su dawo daidai ba. Murar yaron ta warware cikin mako guda. Maganar jirgi ba a sake tayar da ita ba. Tabon bangon dai bai fita duka ba, sai da maigidana ya shafa fenti daga baya.

Ran da na cika arba'in na ɗauka na huta. Makcik ta leƙo ta ɗaga yatsu huɗu. Umma ta ce ai gaskiyar baiwar Allah, a ƙasarsu muke. Sai da na ƙara kwana huɗu.

Bayan nan muka yi yawon arba'in. Ba mu da dangi a garin, sai gidajen Hausawan da suka zo mana suna, 'yan unguwannin Wangsa Maju da Cheras. Umma ta hau jirgin ƙasa mai tafiya a sama, ta riƙe ƙarfe da hannu biyu tana salati, da muka sauka kuma ta ce ashe ba nisa. A wani gida a Wangsa Maju muka tarar da wata yarinya 'yar Katsina, matar wani ɗalibi, da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe. Cikin fari ne. Umma ta tambaye ta wa zai zo mata. Ta ce mahaifiyarta ba ta da lafiyar da za ta yi doguwar tafiya, za su dai yi yadda suka iya ita da mijinta. Tana faɗa tana murmushi, amma muryarta ta karye a ƙarshe.

Muka dawo gida, Umma ko mayafi ba ta cire ba. Ta tambayi maigidana kwana nawa ya rage mata a takardarta ta zama a ƙasar. Ya ce sha tara. Yarinyar ta haihu bayan kwana biyar. Mijin ya zo da mota ya ɗauki Umma da kayan aikinta, ta koma can da zama. Kwana goma sha biyu ta yi tana yi mata wanka, tana koya wa wata maƙwabciyarsu Bakanuwa yadda za ta ci gaba in ta tafi. Ni kuwa da na ƙosa in samu gidana, sai na riƙa tsayawa a tsakiyar falo da yaro a kafaɗa ban san abin yi ba. Kullum da hantsi sai ta kira ni a waya, ba don ta ji lafiyata ba, sai don in kara wa angonta wayar a kunne.

Ta dawo mana ana jibi za ta tafi. Ranar tafiyar Makcik ta rako ta har bakin lif, ta ba ta zannuwan atamfarsu guda biyu, Umma ta ba ta sauran yajin jego da turaren wuta. Suka rungume juna suna kuka, kowacce tana ta jero addu'a, amin ɗin kawai suke haɗuwa a kai. Maigidana yana tsaye ya tare ƙofar lif da ƙafa, tana ta ƙara, bai ce su yi sauri ba.